Tattasaina na cikin bokiti yana zubar da fure, don Allah ina mafita?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A gidan haya nake a Kano, tsakar gidan duk siminti ne, shi ya sa na shuka tattasai a ƙananan bokitan fenti masu lita 4. Ganye ya yi shar gwanin sha'awa, amma da fure ya fito sai in wayi gari in tarar da shi a ƙasa. Kullum ina ba shi ruwa, ina zuba masa takin yuriya. Ga shi muna cikin Afrilu, ko ɗa ɗaya bai ƙulla ba.

Wata 'yar'uwa daga Zariya:
Wa'alaikumus salam. Hajiya, bazara ce ta kama ki. Tattasai ba ya jure zafi kamar barkono. Da zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35 sai furensa ya fara kaɗewa, Kano kuwa a wannan wata har 40 tana kaiwa, ga siminti yana gasa bokitin daga ƙasa. Ai shi ya sa manoman rani na Kadawa da Kura suke bin sanyin hunturu. Ki mayar da bokitan inda za su sha hantsi, inuwa ta rufe su daga azahar. Ki ɗora su a kan katako, ki rufe saman ƙasar da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa. In kika raya su zuwa saukar damina, za ki ga sun sake fure sun riƙe.

Wani malamin gona:
Gaskiya ta faɗa, amma ni yuriyar nan ce ta fi damuna. Ganye kawai take ƙarawa, ki dakatar da ita. Bokitin ma ya yi kaɗan, saiwa ba ta da wurin sakewa, kuma ƙasar bushewa take yi kafin la'asar. Ki samo jarkar man girki ta lita 25, ki yanke samanta, ki wanke ta tas, ki huda gindin da ƙusa mai zafi. Ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen takin awaki kashi 1, yashi kashi 1. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, kada ki kusance shi. Tushe ɗaya a kowace jarka, ban da cunkoso. Taki kuwa, ƙaramin cokali na NPK 15-15-15 duk mako 3, a gefen jarkar nesa da tushe, sannan ki bi da ruwa.

Wata uwa daga Maraɗi:
Malam, a wannan zafin sauya masa mazubi sai da dabara. 'Yata, ki bari sai bayan la'asar sakaliya, ki jiƙa ƙasar, ki zare shi da dunƙulen ƙasarsa gaba ɗaya. Ki riƙa leƙa bayan ganye kuma, can farin ƙuda yake ɓuya. Ni ganyen bedi, wato darbejiya, nake dakawa in jiƙa ya kwana, in tace, in fesa da yamma.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ruwan fa, in rage ko in ƙara?

Malamin gona:
Ki tsoma yatsa cikin ƙasar. In kin ji ta bushe zuwa gaɓa ta farko, ki zuba har ya ɗigo ta hudar ƙasa. A bazara zai iya kaiwa safe da yamma. Abin gudu shi ne yau ƙishirwa gobe ambaliya, shi ke sa gindin ɗan tattasai ya yi baƙi ya ruɓe tun bai nuna ba.