Walima a harabar gida, ya zan yi da ciyawar nan?

Maman Biyu: Slm jama'ar zaure, don Allah shawara nake nema. Walimar saukar 'yan biyu za mu yi a gida nan Kano, saura kwana 10, muna sa ran mutum kamar 120 daga bayan la'asar zuwa isha'i. Harabar kiri-kiri ce, damina ta sa ta yi tsayi ta wuce idon sawu sosai, ga darbejiya biyu sai zubar da ganye suke, ga sauro. Ta ina zan fara?

Mai Lambu: Masha Allah Hajiya, Allah ya sanya albarka. Kar ki bari sai ana gobe a yanke ta. Ita kiri-kiri korenta a sama yake, ƙasan duk kara ne, in aka kwashe ta lokaci ɗaya wlh fili zai koma ruwan ƙasa kamar an yi gobara kuma ba za ta farfaɗo kafin ranar ba. A rage kashi ɗaya cikin uku gobe, a sake ragewa bayan kwana huɗu, yankan ƙarshe ana saura kwana uku, kowane yanka a bi da manjagara a kwashe don kunama da cinnaka suna son ɓuya a ƙarƙashin tarin.

Anti Kaduna: Ki watsa mata takin zamani yanzu ta yi kore shar.

Mai Lambu: A'a Anti, ban da yanzu. Yuriya in ta zauna kan ganye ba a bi ta da ruwa sosai ba ƙona ciyawa take, takin dabbobi kuma wari da ƙuda zai jawo mata. A bari sai bayan taro.

Baban Yara: Ni ta kan ruwa zan ja kunne. Sunan ƙaramarmu mun ce a jiƙa fili da safe don ya yi sanyi, kujerun roba suka dinga nitsewa, wata gwaggona ƙafar kujerarta ta baya ta shige ƙasa ta tafi da baya, Allah ne ya kiyaye ba ta ji ciwo ba amma har yau abin yana damuna. Ki ba ciyawar ruwa ta ƙoshi ana saura kwana biyu, daga nan a rufe famfo. Sannan ki tsaya da kanki a kan masu kanofi, ki nuna musu inda fayif ɗin bohol da murfin sokawe suke kafin su fara buga ƙarfe.

Hajiya Babba: 'Yata, tsofaffi ba kujera suke so ba, ki shimfiɗa musu tabarmi da darduma a inuwar darbejiyar, amma a share 'ya'yanta da suka zubo tukuna, suna manne wa zani. Ki ware wajen alwala nesa da wajen zama, a zuba yashi ko tsakuwa a jera butoci, in ba haka ba magariba na yi wajen zai zama caɓi.

Anti Kaduna: Sauro kuma ki fara da kwata da duk wata tsohuwar taya ko bokiti mai ruwa, nan suke ƙyanƙyasa. Feshin a yi ana gobe da yamma, ba ranar da abinci ke waje ba.

Maman Biyu: Na gode sosai, Allah ya bar zumunci. Kafet fa, masu haya sun ce za su shimfiɗa tun Alhamis su huta, taron kuma Asabar ne.

Mai Lambu: Kar ki yarda Hajiya. Kwana biyu ba rana ba iska, kina ɗagawa za ki tarar ta yi rawaya. Su kawo ranar da safe, a naɗe a daren.

Baban Yara: Janareta ma a kai shi can bayan gida inda iska ba za ta kawo hayaƙin kan mutane ba, wayoyin a ɗaga su sama saboda yara. Ki sa buhunan shara a kowace kusurwa, ledar fiya wata da tsinken tsire su ne aikin washegari.

Maman Biyu: To an gama, yanzu zan kira mai injin yankan ciyawa ya zo gobe da sassafe kafin rana ta yi zafi.