Gubar arsenik da ƙwayoyin ƙarin gina jiki

A hirarmu da wasu ma'aikatan lafiya a Katsina, bakinsu ya zo ɗaya: ƙwayoyin ƙarin gina jiki ba sa warkar da gubar arsenik, wani sinadari da ake samu a ruwan wasu rijiyoyi. Fara barin ruwan rijiyar da ake zargi, a kai shi gwaji. Iyakar arsenik a ruwan sha da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mikrogiram 10 ce a lita. Tafasawa ba ta fitar da gubar, tara ta take yi.

Folik asid, wani nau'in bitamin, ya ɗan taimaka a wani bincike da aka yi a Bangladesh, yana sa jiki ya zubar da ita ta fitsari, kuma wake da alayyafo suna da shi. Seleniyam fa, wani sinadarin ƙarin gina jiki, a yi hattara, yawansa ma guba ne. Wanda tafin hannunsa ya yi kanta, fatarsa ta yi ɗigo-ɗigon baƙi, asibiti zai nufa, ba kemis ba.