MuseScore 4 na rufe kanta in na danna play, dan Allah a taimaka kafin a yi min fomatin

Shugaban_Kwaya_Kaf:

Salama 'yan'uwa. Dan Allah masu rubuta nota a kwamfuta ku zo ku agaza min. Ni ke koyar da kwayar cocinmu, kuma tun da daɗewa da MuseScore 3.6, manhajar rubuta notar kiɗa, nake rubuta waƙoƙinmu, sofrano alto teno bas, in fitar da odiyon kowace murya in tura musu a WhatsApp su koya a gida tunda yawancinsu da kunne suke koyo ba sa karanta staf. Laftop ɗina tsohuwa ce ta hannu, Core i3, RAM 4GB, Windows 10.

To kwanan baya aka sa min MuseScore 4 da Muse Sounds, sababbin muryoyin da ake saka mata, saboda sun fi daɗi, kuma gaskiya sun fi. Amma tun lokacin ban huta ba. Wani lokaci in na buɗe sai ta tsaya a hoton farko ta ɓace kawai ba wani saƙo, in kuma ta yarda ta buɗe da na danna play sai sauti ya dinga kakkatsewa daga nan ta daskare sai na kashe ta da ƙarfi. Abin da ya fi tayar min da hankali, waƙar Kirsimeti ɗaya da na gama shiryawa yanzu in na buɗe sai ta ce wai fayil ɗin corrupted ne. Na koma 3.6 ita kuma ta ƙi buɗe duk abin da na ajiye da 4. Mai gyaran da na kai wa ya ce a yi fomatin a sa Windows 11 komai zai daidaita. In yarda ne? Lokaci na ƙurewa, riyasal ya kusa.

Injiniya_Sabongari:

Malam kar ka yarda a yi fomatin yanzu, dan Allah. Abin da ka lissafa ba ciwo ɗaya ba ne, uku ne, kuma Windows 11 ba ta maganin ko ɗaya. Ita 11 ɗin ma sai da TPM 2.0, wani sashen tsaro ne a cikin kwamfuta, da firosesa daga ƙarni na 8 na Intel zuwa sama, in i3 ɗinka ya girmi haka sai dai a tura ta ta bayan gida, kuma 4GB shi ne mafi ƙarancin abin da take karɓa, kaga ita kaɗai za ta cinye RAM ɗin ba ta bar wa kowa komai ba. Gaskiya ne Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, amma wannan maganar tsaro ce, ba wai manhajojinka sun daina aiki ba ne, MuseScore 4 na tafiya a kan 10 matuƙar 64-bit ce.

Na farko ɓacewar da take yi a hoton farko. Ita 4 in za ta tashi tana leƙa duk filogin VST3, wato ƙananan manhajojin sauti da ake ƙara wa manhajar kiɗa, da ke kwamfutar, abin da 3.6 ba ta yi sam, shi ya sa da ba ka ga matsalar ba. In akwai guda ɗaya lalatacce, musamman irin fasassun da ake kwafo wa mutane daga situdiyo, shi kaɗai ya isa ya kayar da ita. Shiga C, Program Files, Common Files, za ka ga folda VST3, canja mata suna na ɗan lokaci ka sake buɗewa. In ta tashi lafiya to ka kama ɓarawon.

Maganar play kuma inaga RAM ne. Muse Sounds nauyi gare su ba kaɗan ba. Danna F10 Mixer ya fito, kowace murya ka mayar da ita MS Basic, sautinta na asali marar nauyi, ka shiga Preferences wajen odiyo ka ƙara buffer size, kuma in da belin bulutut a haɗe cire shi ka gwada da sifikar laftop ɗin. In duk bai yi ba akwai Revert to factory settings a ƙarƙashin Help, ba ya taɓa waƙoƙinka, saitin kawai yake sharewa. Kuɗin da za ka ba mai fomatin gara ka ƙara ka sayi RAM ya zama 8GB, in da hali ka sa SSD.

Malama_Solfa:

Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara ƙarfi. Ni kan fayil ɗin zan yi magana don shi ne ba a sayowa a kasuwa.

Kafin komai kwafi shi ka ajiye a filash, kar ka yi gwaji a kan na asalin. In saƙon ya fito da zaɓin ka buɗe duk da haka, buɗe, yawanci tana faɗa maka bar ɗin da lissafin bugunsa bai cika ba ko ya wuce, sai ka share wannan bar ɗin gaba ɗaya ka saka sabo ka sake rubuta notocinsa, shi ke nan. In kuma ta ƙi buɗewa ƙememe, wanda yakan faru in an ɗauke wuta ko an kashe ta da ƙarfi tana cikin ajiyewa, to je foldar da waƙar take ka kunna Hidden items a View, za ka ga wata ɓoyayyiyar folda .mscbackup, ciki akwai kwafin baya, ka fito da shi ka goge ɗigon da ke farkon sunan da alamar da ke bayan mscz. Ba lallai ya zo da gyaran ƙarshe da ka yi ba amma jikin waƙar na nan.

Ita kuma 3.6 ba ta buɗe fayil ɗin 4 yadda ya kamata, tsarin ajiyar ya canja, gaba ake yi ba a komawa baya. Hanyar ita ce ka buɗe a 4 ka yi Export zuwa MusicXML, tsarin fayil ne da manhajojin nota daban-daban ke iya karantawa, sannan ka buɗe wannan a 3.6. Notoci da baitoci za su zo, tsarin shafi ne zai ɗan watse sai ka gyara. Kuma ka duba baitocin da kyau, in ka ga ɓ da ɗ da ƙ sun koma akwati ko sun bambanta da sauran haruffa to font ne, ba lalacewa ba ce, ka sa Charis SIL ko Times New Roman.

Tsohon_Mai_Kakaki:

Ƙanena ni shawarata ta ɗan bambanta da ta Injiniya. Ka bar gyaran 4 sai bayan Kirsimeti, ka koma 3.6.2 ka gama aikinka, ai suna zama tare a kwamfuta ɗaya ba sa faɗa. 'Yan kwaya nota suke son ji daidai, ba daɗin murya ba, kuma ba a canja doki a tsakiyar rafi.

Mu da muka yi shekaru muna rubuta wa band da Finale, wata manhajar rubuta nota, mun ga irin wannan. A 2019 da Apple ta fitar da macOS Catalina duk manhajar 32-bit ta daina tashi, masu Finale 2014 a Mac da suka danna ofdet suka wayi gari ba ta buɗewa, sai wanda ke da 25 zuwa sama. Sannan a watan Agusta 2024 MakeMusic, kamfanin da ke yin ta, ta sanar ta daina Finale ɗungurungum bayan shekara 35, 27 ce ta ƙarshe, aka ce mu koma wata manhajar, Dorico Pro, a kan dala 149. Har yau tana aiki a tawa amma ba mai sake gyara ta in Windows ta canja wani abu, kuma Dorico ba ta buɗe fayil ɗin Finale kai tsaye sai ta MusicXML. Shi ya sa duk waƙar da na gama sai na fitar da ita kashi uku, nata fayil ɗin, MusicXML da PDF, in tura wa kaina a imel. Kai ma ka fara yau, tun daga wannan ta Kirsimetin.

Shugaban_Kwaya_Kaf:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka muku. Injiniya ka canka daidai, da na canja sunan foldar VST3 ta tashi ba gardama, ashe akwai tarkacen filogin a ciki tun na mai laftop ɗin na farko. Da MS Basic play na tafiya, sai ɗan tsaiko in waƙar ta yi tsawo. Malama waƙar ta dawo daga .mscbackup, amshin ƙarshe ne kawai babu kuma ina da shi a takarda. Yayana Mai Kakaki na bi shawararka, na fitar da MusicXML na koma 3.6.2 har mu wuce biki, RAM sai Janairu in Allah ya yarda.

Saura abu ɗaya Malama, da na buɗe a 3.6 teno da bas sun hau layi ɗaya kuma baiti na biyu ya sauko ya shige cikin notocin bas, ta ina zan ɗaga shi ba sai na bi kalma ɗaya ɗaya ba?