Neman shawara kan binciken bambancin lafiya tsakanin unguwannin Kano

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na fara digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a Jami'ar Bayero. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin yaran da ake kawo mana da gudawa da ƙyanda da tamowa daga wasu 'yan unguwanni suke fitowa, alhali birni ɗaya muke zaune. A kan wannan nake son rubuta kundina. Shin in dogara da alƙaluman da aka riga aka tattara ne, ko in shiga gida-gida da kaina?

Amsar wani malamin jami'a: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara da binciken lafiya na 2018 wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar. Ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 132 suna rasuwa kafin su cika shekara 5, kuma adadin ya kai 173 a gidajen da suka fi talauci, yayin da ya tsaya a 53 a gidajen da suka fi wadata. Sai dai alƙalumansa a matakin jiha suka tsaya, ba za su raba miki Ungogo da Tarauni ba, don haka shiga gari ya zama dole. Ki zaɓi unguwanni biyu da cuta ɗaya, kada ki ɗauki kayan da ya fi ƙarfinki.

Amsar wata jami'ar rigakafi: Ƙanwata, bayan takardar izini daga Ma'aikatar Lafiya, ki fara gaida mai unguwa, sannan ki nemi yardar maigida kafin ki zauna da matansa. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba, kuma wannan tabon yana cikin abin da ya jawo dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Ko lokacin mashaƙo a 2023 na sha jin wannan zance a soraye. Ki tambayi uwa wa ke ba ta izinin fita asibiti, da kuɗin adaidaita sahu, da inda take samun ruwa, famfo ne ko rijiya ko 'yan garuwa.

Mai tambaya: Na gode, Malam, na gode, Yaya. Zan ɗauki gudawar yara, in kai wa mai duba aikina sunayen unguwannin ranar Litinin, in Allah ya yarda.