Takalmin 990 na shida: gyara aka yi ko suna ake sayar mana?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Jiya Sadiq ya saka mana hoton kambas ɗin New Balance 990 samfuri na shida, mai ruwan ganye, ya rubuta a ƙasa cewa wannan ya fi duk 990 da aka taɓa yi. Da maganar na kwana a raina. Ni ga inda na tsaya: wannan ba 990 ba ne. 990 ruwan toka ne, mai kamun kai, wanda magidanci zai sa da yadi ko da wandon jins ya shiga taro ba wanda ya bi ƙafarsa da kallo. Nawa na huɗu ne, shekara bakwai ke nan yana ƙafata. Wanda suke fitarwa yanzu ƙasansa ya yi tudu kamar katifa, harafin N ɗin gefe ya ƙara girma, kuma kafin ka gama kallon launi ɗaya an fito da wani. Sunan da iyayensu suka gina suke sayar mana. Mai ja ya fito.

Sadiq: Wa alaikumus salam Yaya. Na fito, amma da ladabi. A 1982 da aka fara sayar da 990, ba takalmin dattawa ba ne, takalmin gudu ne, kuma shi ne na farko a cikinsu da aka sa wa farashin dala 100. Wannan kuɗin a lissafin yau ya haura dala 300. Kusan shekara huɗu kamfanin ya yi yana aikinsa a Boston, kuma abin da tallansa ya faɗa shi ne idan maki 1000 ne cikar takalmi, to wannan ya ci 990. Ka ga tun ranar farko alƙawarinsa shi ne zai ɗauko fasahar da ta fi sabunta a zamaninsa. Na shidan da ya fito a 2022 an sa masa soson FuelCell, wanda suke sa wa takalmansu na tsere. Abin da na 1982 ya yi ke nan a nasa lokacin. Da a ce sun bar shi yadda yake, a nan ne za a ce sun saɓa.

Baban Khalifa: To ƙanena, tunda shekaru ka kawo, mu ƙirga su tare. Na farko 1982. Na biyu 1998, tsakaninsu shekara 16. Na uku 2012, shekara 14. Daga nan fa? Na huɗu 2016, na biyar 2019, na shida 2022. Huɗu, uku, uku. Ƙafar ɗan Adam ce ta sauya a tsakanin 2016 da 2022, ko kasuwa ce ta buɗe? Mai sana'ar da ya yi haƙurin shekara 16 kafin ya taɓa abinsa daban yake da wanda ke taɓa shi duk bayan shekara uku.

Sadiq: Yaya, ba barci suka yi a waɗancan shekarun ba. Bayan na farko an yi 995, 996, 997, 998, 999. Bayan na biyu an yi 991 a 2001, 992 a 2006, 993 a 2008. Duk 'yan gida ɗaya ne, lamba kawai ake sauya musu. Steve Jobs na kamfanin Apple ma, da aka sani da baƙar riga da kambas ruwan toka, 991 da 992 yake sawa. Daga 2012 ne suka koma riƙe lamba ɗaya suna ƙirga samfuri. Idan ka haɗa su duka za ka ga tun asali duk 'yan shekaru ake fito da sabo.

Baban Khalifa: Wannan na karɓa. Amma ka lura, da suka sauya takalmi sai su sauya masa lamba, mai saye ya san wani abu ne daban. Yanzu an sauya takalmi an bar lamba. Ai maganata ke nan.

Maman Hanif: Salamu alaikum. Ku bar ni in sa baki daga birnin Baltimo na Amurka, don ni ba ado nake yi da shi ba, aiki nake yi da shi. Awa 12 nake yi a tsaye a ɗakin marasa lafiya, daga wannan gado zuwa wancan, a kan daɓe mai tauri. Na sa na biyar, yanzu ina sa na shida. Baban Khalifa, maganarka ta katifa gaskiya ce, na shida ya fi laushi nesa ba kusa ba. Da safe idan na zura ƙafa sai in ji kamar na taka darduma mai kauri. Na biyar ya fi tauri, amma yana riƙe dunduniya sosai, akwai wata 'yar roba a gefen wuyansa da ke kama idon sawu. Idan na kai awa ta goma, na biyar tafin ƙafata ne ke zafi, na shida kuwa tafin lafiya lau. Don haka ni a wurina gyaran ba na baka ba ne, a jikina na ji shi.

Amma a kan launi ina bayanka, kuma dalilina ba na kyau ba ne. Abin da ya sa mutane irina ke neman wannan kamfanin shi ne yana yin takalmi ɗaya da faɗi daban-daban, lamba ɗaya amma akwai matsakaici, akwai mai faɗi, akwai mai faɗi sosai. Ƙafar da ta tashi da silifa da fade ba ta son matsi, yatsunta a baje suke. To masu faɗin nan a ruwan toka da baƙi da shuɗi mai duhu aka fi samunsu. Launukan yayi, musamman waɗanda ake yi da haɗin gwiwar wasu, galibi faɗi ɗaya ake yi musu. Wanda aka yi dominsa daban ne: mai ɗaukar hoto, ba mai tsayuwar awa 12 ba.

Kuma a nan Baltimo da Washintan da Filadelfiya, tun kafin duniya ta waiwayo, samarin unguwa ke sa 'yan gidan 990. Har yau idan ka shiga bas ka dubi ƙasa, ruwan tokan ne ya fi yawa.

Sadiq: Anti, na gode, rabin maganar kin ba ni ita. Sauran rabin kuma ga amsata. Launin nan ba a yi shi ya kori ruwan toka ba, yana nan ana sayar da shi, har lokaci na musamman kamfanin ke ware masa duk shekara. A 2021 suka ɗauko Teddy Santis, mai kamfanin tufafi na Aimé Leon Dore a New York, ya jagoranci zanen takalman da ake ɗinkawa a Amurka. Abin da ya fara fitarwa a 2022 bai taɓa na shida ba ma, na farko da na biyu da na uku ya dawo da su cikin ruwan madara da wasu launuka masu sanyi. Yaya, na farkon nan siriri, da yawanmu ba mu taɓa ganinsa ido da ido ba sai da aka dawo da shi a sababbin launuka. Launin da kake ƙi shi ya tono tsohon daga kabari.

Baban Khalifa: Na Santis ban ce komai a kansu ba, akwai natsuwa a cikinsu. Amma ka ga wanda suka yi da mawaƙin nan Action Bronson a 2023? Launi bisa launi kamar an zubar da kwandon zare. Idan wannan ma 990 ne, to me ya rage da za a ce ba 990 ba?

Auwalu Mai Kambas: Alhaji Baban Khalifa, Anti, Sadiq, barkanku. Ni da nake kwance dilar gwanjo a Kano bari in faɗi abin da nake gani a kan tebur. Na farko, ƙura. Wai an zaɓi ruwan toka ne saboda masu gudu a cikin birni, kan kwalta da siminti, inda farin takalmi ba ya kwana biyu. To a nan ma ya yi mana rana. Lokacin hunturu ka sa ruwan toka ka je Sabon Gari ka dawo, buroshi busasshe kawai za ka sa masa ka kaɗe, ya koma yadda yake. Ka sa mai ruwan madara ka yi wannan tafiyar, ragar gabansa ta koma ruwan ƙasa, kuma fatar da ke jikinsa mai gashi-gashi ce, ba ta son ruwa da omo, tana bushewa ta ƙandare. Wani yaro ya kawo mini nasa ya wanke shi da burushin wanki ya shanya a rana, fatar ta zama kamar ƙirgi. Na shafa, na murza, ba ta dawo ba.

Na biyu shi ne ya fi damuna a sana'a. Da, idan na ga 990 ja ko ruwan hoda a dila, ban ma tsaya dubawa ba, na san jabu ne. Yanzu launi ya yi yawa har ba mai iya riƙe su a ka, don haka mai jabu ya samu wurin ɓuya. Kowane launi ya yi, sai a ce ai sabon fitowa ne. Abin da nake yi yanzu shi ne in ɗaga harshen takalmin in karanta takardar ciki. 990 na manya a Amurka ake ɗinka shi, a masana'antunsu na jihohin Maine da Massachusetts. Idan na ga na manya an rubuta wata ƙasa, sai in ajiye shi gefe. Na yara ne ake yi a Asiya, da wasu samfuran kamfanin irin su 574.

Maman Hanif: Auwalu, ko wannan tambarin na Amurka ba yana nufin kowane zare daga nan yake ba. Ƙa'idar da kamfanin ya bayyana ita ce kashi 70 cikin 100 ko fiye na darajar takalmin daga cikin ƙasar. Shi ya sa na shida ya fito a dala 200.

Auwalu Mai Kambas: Haka ne Anti. Kuma Alhaji, wata shawara tunda kana son tsoho. Kada ka sayi wanda ya daɗe a kwali ba a sa shi ba. Ƙasan irin waɗannan takalman akwai wata roba da ake kira foliyuretan, a 990 ita ce ke zagaye soson dunduniya, abin da suke kira ENCAP. Robar nan ko a takalmin wane kamfani take, idan ta yi shekaru a ajiye tana shan danshi, ruɓewa take yi daga ciki. Na taɓa ɗaukar wani tsohon kambas na wani kamfani daban, samansa fes kamar ba a taɓa sawa ba, na danna dunduniyar da babban yatsa, sai ga ta tana zuba a hannuna kamar busasshen burodi. Wanda ake sawa kullum ya fi wanda aka ɓoye daɗewa. Don haka ko kana so ko ba ka so, sai an ci gaba da ɗinka sabo kafin ka samu na sawa.

Ustaz: Assalamu alaikum. Na bi muhawarar tun daga sama, kuma akwai abin da ba wanda ya taɓo, alhali a wurinmu ya fi launi nauyi. Fatar nan mai gashi-gashi da Auwalu ke magana, a bayanin da kamfanin da kansa yake yi wa na biyar da na shida, ya rubuta cewa fatar alade ce. Ba su ɓoye ba, mu ne ba ma karantawa. A Maleshiya shagunan takalma har takarda suke liƙawa a kan irin waɗannan don Musulmi ya sani kafin ya taɓa. Malamai sun yi magana a kan jemammiyar fata, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya an tsananta a kan ta alade. Kowa ya kai wa malaminsa ya ji. Abin da ya sa na kawo shi nan shi ne: cikin gyare-gyaren da ake ta suka, sun taɓa fitar da na biyar wanda babu fatar dabba ko kaɗan a jikinsa, don masu ƙin amfani da kayan dabba. Kuma ruwan toka ne. Baban Khalifa, wannan a wurinka 990 ne ko ba 990 ba?

Baban Khalifa: Subhanallah. Ustaz, wallahi shekara bakwai ban taɓa tunanin in tambayi fatar mece ce ba. Yanzu na ɗauko shi yana gabana ina jujjuya shi, ga wasu 'yan ɗigo uku-uku a jikin fatar da ban taɓa kula da su ba.

Auwalu Mai Kambas: Su ne alamar, Alhaji. Ramukan gashi ne, na alade uku-uku suke zama. Ni ma da su nake ganewa idan mai saye ya tambaya.

Baban Khalifa: To amsarka Ustaz, wancan 990 ne, kuma da shi aka fara ba ni da na fi murna. An sauya masa fata gaba ɗaya amma ban ji zuciyata ta ƙi shi ba. Sadiq, kada ka ce na sauka, a kan tudun ƙasan nan da launin kwandon zare ina nan inda nake. Maman Hanif, don Allah idan kin shiga shago ki tambayar mini ko ana samun mara fatar a lamba 44, mai faɗi. Wannan na gabana kuma zan sa shi a leda in tafi da shi wurin Malam bayan Magariba.