Lansir da ɗan'uwansa da ya ƙare a Niyu Zilan: ta ina ake gwada su?

Ɗalibar Samaru:
Assalamu alaikum malamaina. Lansir ɗin da muke kwaɗo da ƙuli-ƙuli, wanda har gyauro yake fitowa a bakin lambu, an ce yana da ɗan'uwa, Lepidium obtusatum, da ya ƙare a duniya. Yaya ake gwada mai rai da wanda babu shi? Kuma me ya yaɗa wannan, ya kashe wancan?

Malamin Tsirrai:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki fara da ganye, zai ruɗe ki. Ki dubi fure da kwanso. Dukansu dangin kabeji ne: ɗan farin fure mai fiffike huɗu a gicciye, da kwanso mai ɗaki biyu, ƙwaya ɗaya a kowane ɗaki. Kwanson lansir, wato Lepidium sativum, milimita 5 zuwa 6 ne, da ɗan tsagi a ka.

A rayuwa suka rabu. Wancan da ya ƙare, wanda masanin tsirrai Thomas Kirk ya raɗa wa suna a 1892, shimfiɗe yake a ƙasa, ganyensa mai kauri, yana shekaru da saiwarsa cikin tsakuwar gaɓar teku a mashigar tashar jiragen ruwa ta Welintan, babban birnin Niyu Zilan. Ɗan wurin nan shi ne gidansa. Aka yi ta ɗibar tsakuwa, baƙin ciyayi suka mamaye, masu tara samfuri suka tuge ragowar. Tun 1950 ba a ƙara ganinsa ba. Abin da ciwo, har da hannun masana a ciki.

Na Bakin Kubanni:
Malam ya gama magana, sai ɗan ƙari. Lansir ba ya jiran shekara. A sanyin hunturu kwana 2 zuwa 4 ya tsiro, sati 3 an fara yanka. Zafi na shigowa sai ya miƙe ya yi fure, ganyen ya ƙara yaji, ya zubar da iri ya mutu. Ki jiƙa cokali ɗaya na irin a ruwa, cikin 'yan mintoci za ki ga yauƙi ya lulluɓe kowace ƙwaya. Da shi take riƙe laima, take manne wa laka da fartanya. Ga kuma mutum yana ajiye irin duk shekara.

Yayarku ta Kongo:
Wanda ya ƙare busassun samfuransa ne suka rage. Busasshe ake gwadawa da busasshe, ƙanwata, don ɗanye yana motsewa idan ya bushe, awo ya tashi a banza. Ki tugo lansir da saiwa, fure da kwanso, ki shimfiɗa a jarida, ki danne da katako da nauyi. Kullum ki sauya takarda a kwana 4 na farko, in ba haka ba ya yi funfuna ya baƙe. Kwanson da ya nuna fashewa yake, ki zuba shi a ambulan daban. Samfuran Kirk suna gidan tarihi na Te Papa a Welintan. Ki nemi hotonsu mai ma'auni a gefe. Naki kuma ki kai ma'ajiyar busassun tsirrai ta ABU a tabbatar da sunansa kafin ki fara awo.