Musayar Waƙa: Wa Zai Tada Ka Ran Lahadi?

Mai Fitila:
Na shigo jami'a, babu mai tada ni,
Ran Lahadi agogo ne ya zam uwata.
Jarrabawa Litinin, ga gajiya a jiki,
Na ɗau Littafi na nufi majami'ata.
Daniyel ma ɗalibi ne can a Babila,
Shekara uku ya ƙi cin ƙazanta.

Ɗan Aji Uku:
Ƙanwata, wace majami'a ce a Babila?
Abokansa uku su ne masa zumunta.
Mu ma cikin makaranta muke sujada,
Me zai kai ni cikin gari neman wata?
Inda biyu ko uku suka taru Yesu na nan,
Matiyu sha takwas, koma ki karanta.

Mai Fitila:
Na karanta, yayana, kai ne ka tsallake,
Aya ta sha bakwai ikkilisiya ta ambata.
Zumuntarku duk tsara ne, sa'annin juna,
Wa zai tsawata maka ran da ka karkata?
Akwai wata gwauruwa a bencinmu na baya,
Na yi fashin mako guda, sai ga kiranta.

Tsohon Ɗalibi:
Allah ya ƙara basira, Mai Fitila! Baitin gwauruwar nan ya taɓa ni. Zumuntarmu ta watse ranar da muka gama, kowa ya kama gabansa. Dattawan da na sani a coci ne suka riƙe ni.

Alƙalin Kari:
A rage yabo. Ɗangon "Aya ta sha bakwai" ya fi 'yan'uwansa tsawo, karin ya karye. Na Ɗan Aji Uku ya fi zama.

'Yar Mawaƙa:
Malam, rera shi ka ji, ya hau daidai. Kai da yatsu kake ƙirga gaɓa.

Alƙalin Kari:
Na rera, sai da na haɗiye wasali biyu.

'Yar Mawaƙa:
To kawo naka baitin mu auna.

Ɗan Aji Uku:
A gafarce ni, gwaji ya riƙe ni kwana 2.
Wa'azi mai tsawo shi ya kada Yutikus,
Daga hawa na uku ya faɗo, ko kin manta?
Ɗalibin da ya kwana bisa littafi,
Awa uku a benci, ina zai iya ta?

Mai Fitila:
Ya faɗo a gaban jama'a, Bulus na nan,
Ya rungume shi, mutuwa ta saki ganimarta.
Dimas fa? Ya bar Bulus ya tafi Tasalonika,
Ya ƙaunaci duniya ya bi bayanta.
Lahadi da takwas ina bakin ƙofa,
Akwai wurin zama kusa da gwauruwata.

Alƙalin Kari:
Tasalonika gaɓa 5 ce, ta cika ɗangon.

Ɗan Aji Uku:
Malam, bar mu haka. Ƙanwata, ki jira ni, zan zo. Amma zumuntar ran Laraba ba zan bar ta ba, ke ma ki zo ki ji yadda muke addu'a.